Ka Ɗaga Kai Kafin Ka Biya Kuɗin Haya

Ranar da muka kama ɗaki a Tudun Wada, ni da abokina, mun duba komai: ƙofa, taga, bayan gida, har rijiyar tsakar gida sai da muka leƙa. Sama ce kawai ba mu kalla ba. Watan Janairu ne, ana tsakiyar hunturu, wa ke tunanin ruwan sama?

Ruwan farko na watan Mayu ya bar mana tabo a silin, launin ruwan shayi, bai fi faifai girma ba, daidai saitin katifar abokina. Muka yi ta dariya, wai taswirar Najeriya ce. Zuwa Yuli ta zama taswirar Afirka. Abin kunyar shi ne, fasahar gine-gine nake karantawa a makarantar nan. Na iya zana rufi a takarda, amma wanda ke saman kaina ban taɓa tsayawa na duba shi ba.

Na sami mai gidan na ce, "Alhaji, silin ɗinmu fa yana yoyo." Ya ce, "Ku yi haƙuri samari, damina ce, kowane gida haka yake."

Wani tsohon kafinta da muke salla tare a masallacin layinmu ne ya ji muna zancen, ya ce mu je ya gani. Ya zo da tocila da sanda. Ya haska tabon ya ce in ƙirga zoben da ke jikinsa. Na ƙirga biyar. Ya ce duk lokacin da silin ya jiƙe ya bushe, sai ya bar zobe, wato yoyon ya daɗe.

Na ce, "Baba, ke nan hujin yana saitin tabon?"

Ya ce, "A'a, yaro. Ruwa ɓarawo ne, ba ya fita ta inda ya shiga." Yakan shiga ta hujin ƙusar da ta yi tsatsa, ko ta inda iskar farkon damina ta ɗaga kwano, ya bi jikin katako yana gangarowa, sai can gaba ya ɗiga.

Ya ƙwanƙwasa silin da sanda. Busasshen wuri ya yi ƙara, wurin tabon kuwa ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Ya nuna mana wani siririn layin ƙasa da ya hau bango daga bayan ƙofa har rufi, wanda muka ɗauka datti ne. Ashe hanyar gara ce, tana can tana cin katakon da ke riƙe da silin. A kusurwa kuma akwai wani tabo mai zarni da ba ruwansa da damina. Wannan fitsarin ɓeraye ne. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne danshin ya kusa kai wa wayar fanka. Ya ce kada mu sake kunna ta, kuma katifar nan ta bar wurin a daren nan.

Wallahi da ƙyar abokina ya yarda, don nan ne kusa da taga.

Bayan kwana uku, cikin Agusta, aka fara ruwa tun la'asar. Wajen ƙarfe biyun dare muka ji rim! Allon silin guda ya rufto da ruwa da ƙasa da kashin ɓera, daidai inda kansa yake kwanciya a da. Da safe muna da jarrabawa. Haka muka tafi ba barci, muna ta hamdala a hanya. Alhaji da ya zo ya gani bai ce komai ba, washegari ya turo a gyara kwano.

Ga sabon zango na zuwa, da yawanmu za mu shiga neman ɗaki a Tudun Wada ko Gyallesu ko Sabon Gari. Don Allah, kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, ku tafi da tocila. Ku duba tabo, ku duba inda silin ya yi ciki, ku bi bango da ido ko za ku ga hanyar gara. In kun ga sabon fenti a wuri ɗaya kacal a silin, ku tambayi dalili, ruwa ba ya tsami banza. Sannan kafin ku miƙa kuɗi, ku tambayi maƙwabcin ɗaki yadda wurin yake a watan Agusta.