Kiɗan Scarlatti a Danko

Hutun da ya wuce na kai wa kawuna ziyara a Danko, cikin masarautar Zuru, garin manoma mai yalwar gonakin dawa. Wata rana da la'asar na jiyo kiɗa mai sauri daga maƙwabta. Da na leƙa, ashe wani ɗan sakandare ne ke kaɗa fiyano mai batir da ya aro daga cocinsu.

Ya ce sonata ce ta Domenico Scarlatti, mutumin Italiya da aka haifa a 1685, ya rasu a Madrid a 1757, ya bar irinta har 555. Mutum ɗaya ke kaɗa ta, ba waƙa, ba 'yan amshi. Kashi biyu ce, kowane sai an maimaita shi. Hannun dama ya yi tambaya, na hagu ya amsa. Nan take na tuna Ɗan Maraya Jos, wanda shi da kuntiginsa kaɗai suke cika fage.

Yaron ba shi da malami, a waya yake saurara yana kwaikwayo. Batirin ya mutu bai kai ƙarshe ba. Ko gezau bai yi ba, ya ci gaba da danna maɓallan shiru har aka kira magariba.