Kwanon Nowel da na ƙi ɗauka

Hunturu ya shigo, hazo ya rufe Damagaram, mu kuma Kirista mun shiga makonni huɗu na jira kafin Nowel, lokacin da ake ce ma Avent da Faransanci. Kowace Lahadi ana kunna kyandir ɗaya a majami'a har su cika huɗu, kuma a wurare da dama na biyun shi ake kira na salama. Duk shekara in an kunna shi, wani kwano nake tunawa.

Waɗanda ke garin nan a 2015 ba sai an ba su labari ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Kashegari abin ya kai Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45. An rasa rayuka kamar 10 a biranen biyu, aka yi makokin ƙasa na kwana uku. Zanen nan mu ma bai yi mana daɗi ba, kuma ba mu muka yi shi ba, amma ranar nan babu mai sauraro.

Wasu sun kwana barikin soja. Mu maƙwabcinmu ne, wani dattijo limamin masallacin layinmu, ya shigar da mu ɗakin matarsa, ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida ya zauna da carbinsa har dare. Ba zan manta mishi ba. Sai dai kafin a rufe mu, na leƙa ta saman katanga, na ga wani yaron layinmu ɗauke da bencin majami'armu a ka, yana dariya. Yaron da muka yi lakkwal tare da wansa. Yaron da Innata ta sha ba shi ƙosai.

Wata goma sha ɗaya ban yi mishi magana ba. Ba faɗa, ba zagi. In na hango shi sai in canza hanya. Duk wanda ya tambaye ni, in ce lafiya lau muke zaune, kuma ba ƙarya na yi ba.

Sai ga Disamba. A gidanmu al'ada ce, ranar 25 ga wata Inna takan dafa shinkafa da miya, liman ne ke yanka mana kajin don kowa ya ci hankali kwance, a zuba a kwanuka a kai gida-gida, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman layya. Shekarar nan Mauludi ya zo dab da Nowel, kuma Nowel ɗin ta faɗo ranar Juma'a. Inna ta jera kwanuka tara. Na ƙidaya, na ce, Inna takwas ne. Ta ce tara ne. Na ce wallahi ƙafata ba za ta taka gidan nan ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Jiya da dare wa ya miƙa ma mutane hannu a majami'a yana cewa salama? Kai ne ko wani ne?”

Ni ne. Kuma abin ya tsaya mini a rai, don ta taɓo inda nake yaudarar kaina. Ni na ɗauka salama ita ce a daina ƙone-ƙone, soja su koma bariki, kowa ya kama harkarsa. Wannan zaman lafiya ne, kuma wanda ya ji ƙarar taro a ƙofar gidansa ba zai raina shi ba. Amma kalmar da Littafi Mai Tsarki yake amfani da ita ta fi haka faɗi. A Ibrananci shalom ce, tushenta ɗaya da salam ta Larabci da sallamar da muke yi ƙofar gida: abu ya zama cikakke, abin da ya tsage a ɗinke shi. Tsakanin mutum da Allah da farko, daga nan tsakanin mutum da ɗan uwansa.

Labarin haihuwar ma ba cikin kwanciyar hankali ya faru ba. Ƙasar tana hannun Romawa, Kaisar Augustus ya sa a yi ƙidaya, Maryamu da tsohon ciki ta taso daga Nazarat zuwa Baitalami, masauki bai samu ba. Luka ya ce makiyaya da ke tsaron garke da dare su aka fara yi ma albishir na salama. Matiyu kuma ya ba da labarin yadda sarki Hirudus ya sa aka kashe yara, iyalin suka yi gudun hijira zuwa Masar. A irin wannan duniya aka haifi wanda muke kira Sarkin Salama, sunan da ke cikin littafin annabi Ishaya. Mu Kirista mun gaskata cewa Allah bai jira mutane su gyaru ba, shi ya fara tahowa. Kuma Yesu da kansa ya koyar cewa in ka zo da baiko ka tuna akwai matsala tsakaninka da ɗan uwanka, ka aje shi, ka je ku shirya tukuna. Na san duk wannan tun ina yaro. Sanin bai ɗauki kwano ba.

Na ɗauka dai, da fushina. Na yi sallama, uwar yaron ta fito. Da ta gan ni sai ta tsaya, ta kasa miƙo hannu, ta ce, “Ɗana, kai ne da kanka?” Na ce Inna ce ta aiko. Shi yana zaune cikin zaure, kansa ƙasa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da marece ƙanwarsa ta maido kwanon, an wanke shi, da dabino a ciki.

Kada in yi muku ƙarya, ban dawo da zuciya fara fes ba. Akwai ƴan uwa a majami'a da suka ce mun yi sakaci, irin wannan ne ke sa a maimaita, kuma da aka ƙona wata majami'a a Maraɗi cikin Yunin 2019 sun tuna mini. Suna da tasu gaskiyar: yafiya ba ta hana hukuma yin aikinta, kuma bai kamata a ce ma wanda aka ƙona ma gida ya yi shiru da sunan salama ba. Ni dai abin da na gani, ƙin kai kwanon ba zai hukunta kowa ba.

Yaron nan yanzu magidanci ne, kabu-kabu yake yi. Muna gaisawa. Sau biyu ya ɗauke ni zuwa kasuwar Dole ya ƙi karɓar kuɗi, na san abin da yake nufi, shi ma ya san na sani. Maganar benci har yau ba mu yi ta ba, kuma ina jin nauyinta duk sa'ad da aka kunna kyandir na biyu.

Inna ta tsufa, bana matata ce za ta dafa. Jiya ta tambaye ni kwano nawa za ta tanada. Liman ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ne zai yanka mana kajin. Na ce mata tara, kuma na gidan can ni zan kai, in na iske shi zaure in zauna.