Kafin A Kira 'Yan Gwangwan

'Yar'uwa, idan akwai tsohuwar Fijo da ta kwanta a bayan gidanku har kaji na ƙwai a cikinta, kada ki yi saurin yarda a kira 'yan gwangwan.

Sana'ar maigidana ke nan a Rano. Yakan bi ƙauyukan Kibiya yana sayen tsofaffin 504 da a-kori-kura 404, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975. Sai ya sauke inji, ya nemo kayan gyara a Ƙofar Ruwa, a yi walda da fenti, a ɗinke kujeru. Bayan 'yan watanni mota ta fito kamar amarya. Masu hali suna saya don tuna ƙuruciya, manoma kuma don jigilar buhunan masara.

Abin da ke sosa mini rai, yawancin motocin nan na mamata ne. Mai gwangwan kilo yake aunawa, mai gyara kuwa lafiyar inji da bodi da takardu yake dubawa, kuma tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce. Motar nan gado ce: marayu na da haƙƙi a ciki, ke ma kina da tumuninki.

Don haka ki adana takardunta, ki sa a rufe ta daga ruwan damina. Ki roƙi magada su kira makanikai biyu masu amana su yi mata kuɗi kafin rabo. Allah Ya kare mu daga tauye haƙƙin maraya, amin.