Rauni, Cuta da Rai: Yaushe Ɗage Wasa Yake Zama Adalci?

Tun zamanin da muke kewaye akwatin rediyo muna jiran sakamakon wasanni, har zuwa yau da jikokinmu ke cika gidajen kallo duk Asabar da Lahadi, akwai gardamar da ta ƙi tsufa. Idan ciwo ya kwantar da 'yan wasan wata ƙungiya, ko rauni ya rage su, a ɗage mata wasa ne, ko a ce ta fito da waɗanda suka rage? Na lura duk wanda aka yi wa wannan tambaya yakan fara duba rigar da ke jikinsa kafin ya amsa. In ƙungiyarsa ce ke cikin matsala, sai ya kira tausayi. In ta abokin hamayya ce, sai ya ce doka doka ce. Shekaru sun koya mini cewa abubuwa uku ake cakuɗawa a wannan gardama: rauni, cuta mai yaɗuwa, da halin da rai yake cikin haɗari. Kowanne hukuncinsa daban, kuma wanda ya haɗa su a kwano ɗaya ba zai taɓa yin adalci ba.

Bari in fara da Middlesbrough, domin labarinta ne ya fara sa ni zurfafa tunani a kan lamarin. A watan Disamba na 1996 ya kamata ta je ta buga da Blackburn Rovers a gasar Firimiya ta Ingila. Ana gobe wasa ta ce ba za ta je ba, domin 'yan wasanta 23 ba sa iya fita, wasu ciwo ya kwantar da su, wasu rauni. Ta yanke wannan shawara ne ba tare da amincewar hukumar gasar ba. Aka ci ta tarar fam 50,000, aka zare mata maki 3, ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Ƙungiya ce mai taurari a lokacin, ga Juninho ga Ravanelli, Bryan Robson yana horar da su, har ta kai wasan ƙarshe na kofuna biyu a kakar. Amma da aka rufe gasa tana da maki 39, Coventry da ta tsira tana da 41. Makin nan uku da aka zare su ne suka jefa ta rukuni na ƙasa.

Na tausaya wa Middlesbrough, har yau ma ina tausaya mata. Amma ba ta da gaskiya a abu guda: mutum ba ya zama alƙalin kansa. Blackburn ta shirya, magoya baya sun sayi tikiti, sauran ƙungiyoyin da ke kokawar tsira suna kallo. Da an bar kowace ƙungiya ta riƙa yanke wa kanta ranar da take ganin ta isa fita fili, da gasa ta watse kafin shekara ta zagayo. Wannan darasi bai tsaya ga ƙwallo ba. Uzurinka yana iya zama gaskiya tsantsa, amma in akwai haƙƙin wani a ciki, sai ka kai shi gaban wanda ba ya da rabo a ciki ya duba.

Bayan shekara goma sai ga Tottenham. Ranar 7 ga Mayu, 2006, ranar rufe gasa, tana gaban Arsenal da maki ɗaya a neman matsayi na huɗu, wanda ke kai ƙungiya Gasar Zakarun Turai. A daren jajibirin wasan amai da gudawa suka kama 'yan wasanta kusan goma. An fara zargin abincin otal, daga baya binciken jami'an lafiya ya nuna wata ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. Ta nemi a ɗage wasanta da West Ham zuwa wata rana, aka ƙi, domin a ranar ƙarshe dukkan wasanni lokaci guda ake buga su don kada wani ya san sakamakon wani. Ta tuna abin da ya sami Middlesbrough, ta fita da 'yan wasa masu jiri, aka ci ta 2-1. Arsenal kuwa ta doke Wigan 4-2 a wasanta na ƙarshe a filin Highbury, Thierry Henry ya ci uku, ta haye matsayi na huɗu. Magoya bayan Arsenal sun yi ta dariya shekara da shekaru.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A watan Janairu na 2022, lokacin annobar korona, hukumar Firimiya tana da ƙa'idar cewa ƙungiyar da ba ta da 'yan wasan cikin fili 13 da mai tsaron raga ɗaya tana iya neman a ɗage mata wasa. Arsenal ta nemi a ɗage wasanta da Tottenham na ranar 16 ga watan, aka amince. Da aka duba, mutum ɗaya ne korona ta kama a lokacin da ta shigar da buƙatar. Sauran kuwa, wasu na jinyar rauni, wasu irin su Thomas Partey da Mohamed Elneny da Nicolas Pépé sun tafi Kofin Nahiyar Afirka, wasu kuma ita da kanta ta ba da su aro a cikin wannan watan. Tottenham ta fusata, kuma ta yi gaskiya. Ba a daɗe ba hukumar ta gyara ƙa'idar, ta ce sai an samu aƙalla mutum huɗu da suka kamu da cutar kafin a saurari buƙatar ɗagewa. Da aka buga wasan a watan Mayu, Tottenham ta ci 3-0, ita ce kuma ta ƙare a matsayi na huɗu.

Ku haɗa waɗannan labarai biyu, 'ya'yana, za ku ga inda aka karkace. A 2006 cuta ce ta gaske mai yaɗuwa, wadda ba wanda ya shirya mata, aka ce a buga. A 2022 yawanci abubuwa ne da kowa ya san da zuwansu, aka ce a ɗage. Rauni ɗan gida ne a ƙwallon ƙafa. Saboda shi ake rajistar 'yan wasa 25, saboda shi ake da benci, saboda shi ake renon yara a makarantar ƙungiya. Mai horarwar da ya gaji 'yan wasansa har tsokarsu ta yage, ko shugabannin da suka ƙi sayen mai maye gurbi, su ne za su ɗauki nauyin abin da suka shuka. Jan kati kuwa hukunci ne, ba ya zama uzuri. Tafiyar ɗan wasa ya wakilci ƙasarsa ma sananniya ce tun ranar da aka saye shi. Duk wanda ya ɗauki ɗan Afirka ya san akwai Kofin Afirka, kuma ina jin zafin yadda wasu ƙungiyoyin Turai ke magana a kan gasarmu kamar wata annoba ce da ta faɗo musu. Idan aka ɗage wasa saboda irin waɗannan dalilai, an ba mai uzuri damar jiran taurarinsa su dawo, an kuma hana abokin karawarsa ribar shirin da ya yi da kyau.

Kada kuma a ɗauka raguwar 'yan wasa ita ce faɗuwa. Mu 'yan Nijeriya mun ɗanɗana wannan a Kofin Afirka, a Garwa, ranar 23 ga Janairu, 2022. Tunisiya ta zo korona ta ragargaje ta, har mai horar da ita bai samu zama a benci ba, Nijeriya kuwa ta ci wasanninta uku na rukuni. Youssef Msakni na Tunisiya ya zura ɗaya, muka tattara kayanmu muka dawo gida. A Ajantina ma, a watan Mayu na 2021, River Plate ta rasa dukkan masu tsaron ragarta saboda korona, ta sa ɗan wasan tsakiya Enzo Pérez a raga, babu ko mutum ɗaya a benci, ta kuma ci Santa Fe 2-1 a gasar Copa Libertadores. Da an ɗage waɗannan wasanni, da an hana mutanen nan abin da za su yi ta ba jikokinsu labari.

Sai dai akwai iyaka, kuma washegarin wasan Garwa muka ga an tsallake ta. Komoros, ƙaramar ƙasar tsibirai da ba ta taɓa zuwa Kofin Afirka ba sai a wannan karo, ta doke Ghana 3-2 ta kai zagaye na biyu, ta haɗu da mai masaukin baƙi Kamaru a Yawunde. Mai tsaron ragarta ɗaya ya ji rauni, biyu korona ta kama su. Ɗaya daga cikinsu, Ali Ahamada, gwajinsa ya nuna ya warke a ranar wasan, amma ƙa'idar killacewa ta kwana biyar ta hana shi fita. Dokar CAF ta ce muddin akwai mutum 11 sai an buga, ko da babu mai tsaron raga. Haka ɗan wasan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu ya tsaya a raga. Minti 7 da farawa aka ba kyaftin ɗinsu jan kati, suka yi ta fafatawa da mutum goma, aka ci su 2-1. Sun fita da mutuncinsu, amma ba wanda zai gamsar da ni cewa an yi musu adalci. A Fotugal abin ya fi haka muni: a watan Nuwamba na 2021 Belenenses ta fito da mutum 9 saboda korona ta fuskanci Benfica, aka tafi hutun rabin lokaci 7-0, aka dawo ba a jima ba 'yan wasanta suka koma 6, alƙalin wasa ya tashi wasan, domin doka ba ta yarda a ci gaba da ƙasa da 7 ba.

Cuta mai yaɗuwa ba daga fili take fitowa ba, kuma ba ta tsayawa a kan wanda ta kama. Tana bin numfashi zuwa abokin karawa, zuwa alƙalin wasa, zuwa iyalan da ke gida. Wanda ya killace 'yan wasansa ya kare kowa da kowa, bai kamata a saka masa da asarar maki ba. In kuwa aka saba yin haka, ana koya wa ƙungiyoyi su riƙa ɓoye marasa lafiyarsu ne, kuma wannan ya fi ɗage wasa goma haɗari.

Na san ɗage wasa ba kyauta ba ne, wani ke biya. A watan Disamba na 2021 Rennes ta taso daga Faransa ta sauka Landan kafin ta tabbatar Tottenham ba za ta buga ba saboda korona. Ba a samu wata rana a jadawali ba, UEFA ta ba Rennes ci 3-0, Tottenham ta fice daga gasar Turai da take bugawa. Akwai talakan da ya tara kuɗin mota da na tikiti. Akwai gasar wata guda irin Kofin Afirka da ba ta da sararin jira. Shi ya sa nake cewa adalci yana farawa tun kafin a buga wasan farko. A rubuta ƙa'ida dalla-dalla: mutum nawa, wace irin cuta, wa zai tabbatar. A sa likitan da ba na ƙungiya ba ya duba. A bar ranaku a jadawali saboda irin wannan rana. Sannan a auna wa kowa da mudu ɗaya, mai kuɗi da marar kuɗi, mai masaukin baƙi da baƙo. Yawancin rigimar da na gani ba daga tsananin doka ta taso ba. Ta taso ne daga dokar da aka ƙirƙira bayan matsala ta auku, ko wadda ke lanƙwasa idan babba ya jingina da ita.

Na uku, wato halin da rai yake cikin haɗari, shi ne wanda bai kamata a yi gardama a kansa ba. 'Yan zamaninmu ba za su manta da ranar 12 ga Agusta, 1989 ba, ranar da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, rai ya yi halinsa. Mun sake ganin irinsa ranar 26 ga Yuni, 2003, da Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon, bayan kwana uku kuma abokansa suka fito suka buga wasan ƙarshe da Faransa. A watan Yuni na 2021 zuciyar Christian Eriksen ta tsaya dab da hutun rabin lokaci a wasan Denmak da Finland. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma zaɓin da aka ba abokansa shi ne su ƙarasa a daren, ko washegari da tsakar rana. Suka ƙarasa, aka ci su 1-0. Mutumin da ya tsaya yana kallon ana danna ƙirjin abokinsa bai kamata a tambaye shi ko zai iya gudu ba, domin kunya da tsoron hukunci za su sa ya ce zai iya. Alƙalin wasa Howard Webb ya yi abin da ya dace a 2012 da Fabrice Muamba ya faɗi a filin Tottenham: ya tashi wasan, aka sa wata rana. Lafiya uwar jiki, kuma babu kofin da ya kai ran mutum ɗaya.

Abin da nake so matasa su riƙe ke nan. Rauni, a jure shi a fito da yara su gwada sa'arsu. Cuta mai yaɗuwa, a ɗage idan likita mai zaman kansa ya tabbatar. Rai kuwa, a tsaya nan take. Kuma kafin ka ɗaga murya a gidan kallo kana cewa an yi zalunci ko an yi daidai, ka tambayi kanka ko za ka yarda da wannan hukunci da a ce ƙungiyar da ka fi ƙi ce ta amfana da shi. In za ka yarda, to adalci kake nema. In ba za ka yarda ba, nasara kake nema, kuma gara ka san bambancin tun kana yaro, domin za ka sake haɗuwa da shi a kasuwa, a wurin aiki, da ranar rabon gado.