Yadda Muka Ƙwato Albashinmu Daga Hannun Masu Bashi da Ruwa

'Yan uwa magidanta da iyayenmu mata, Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma akwai bashin da ake ci a biya a huta, akwai kuma wanda yake cin mai shi. A kan na biyun muke son mu yi magana, wato bashin da ake karɓa a tsakiyar wata da alkawarin biya ranar albashi, tare da ruwa a kai. Mu gidaje goma ne a nan Ekoudou, cikin Briqueterie, waɗanda muka haɗa kai shekara biyu da suka wuce don fitar da huɗu daga cikinmu daga wannan rami. Mun ga ya dace mu bayyana yadda aka yi, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Wannan ciwo ya daɗe a ƙasar nan. Dattawanmu suna tuna shekarar 1993, lokacin da gwamnati ta zabtare albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairu da watan Nuwamba. Kafin a farfaɗo, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tun daga lokacin ne albashi ya daina kai wa gidaje da yawa ƙarshen wata. A kusa-kusa kuma, litar man fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairun 2023, sannan ta kai 840 a Fabrairun 2024, kuɗin mota da na cefane a kasuwar Mokolo suka bi bayanta. A shekarar 2023 ɗin aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba a kan sefa 60,000. Duk wanda yake biyan haya a Yawunde ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa.

Babu ɗaya daga cikin mutanenmu huɗu da ya ci bashi don shagali. Ɗaya matarsa ce aka yi wa tiyata wajen haihuwa, biyu kuɗin makarantar yara ne ya same su a watan Satumba, na huɗun kuwa rasuwa aka yi masa a Garwa, dole ya yi tafiya. Mai ba da bashin yana da sauƙin samu, ba ya neman takardu, ba ya sa mutum jira. Abin da yake karɓa jingina shi ne katin banki da lambarsa ta sirri. Ranar da albashi ya shiga, shi ne yake fara zuwa na'ura ya cire rabonsa, sannan mai gumi ya karɓi saura.

Ga lissafin ɗaya daga cikinmu, direba mai albashin sefa 150,000. Ya karɓi 100,000 a kan ruwan kashi 20 cikin 100 kowane wata. Da wata ya ƙare, biyan 120,000 gaba ɗaya yana nufin gidansa ya rayu a kan 30,000, abin da ba zai yiwu ba. Sai ya biya ruwan kawai, 20,000, uwar kuɗin ta kwana. Bayan wata biyar ya biya daidai abin da ya karɓa, amma ana binsa 100,000 cur. Da ya shekara a haka, da ya zuba 240,000 ba tare da bashin ya ragu da ko dala ɗaya ba. Ga shi kuma kowane wata gidansa yana da giɓin 20,000, wanda yakan cike da wani sabon bashi daga wani wuri.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ɓoyo. Maigida yana jin kunyar iyalinsa su sani, sai ya riƙa rage kuɗin cefane ba bayani. Uwargida kuma ta shiga zargi, ko aure zai ƙara, ko wata yake kashe wa a waje. Gidajen da ake zaune lafiya suka koma gidajen ƙorafi. Saboda haka matakin farko da muka ɗauka shi ne kowane mai bashi ya zauna da matarsa ya faɗa mata komai. Ɗaya daga cikin matan, da ta gama saurare, abin da ta ce shi ne: "Malam, da ka faɗa mini tun farko, ai da kuɗin adashina sun rufe rabi."

Mataki na biyu shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Kowane gida ya sayi littafi ɗaya. A shafin farko aka jera duk basussuka: na mai ruwa, na mai kanti, na mai gida, na dangi, kowanne da adadinsa da ranar biyansa. Daga nan aka shiga rubuta duk abin da ya fita daga aljihu na tsawon wata guda, har kuɗin katin waya da na suyar dare. A nan muka ga inda ƙananan kuɗi suke zurarewa. Muka koma raba albashi tun ranar da ya shigo, kashi-kashi cikin ambulan: haya, abinci, wuta da ruwa, makaranta, magani, bashi. Ambulan ɗin abinci yana hannun uwargida, kuma shinkafa da mai da sabulu ana sayensu a dunƙule a farkon wata maimakon awo kullum.

Mataki na uku shi ne fuskantar mai bashi, kuma ba mu bar kowa ya je shi kaɗai ba. Dattawa biyu suka raka kowane mutum, aka yi magana cikin mutunci. Abin da muka nema uku ne: a tsayar da ruwa daga ranar, a karɓi uwar kuɗi, a mayar da kati. Mun je da sanin cewa sashe na 325 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya haramta karɓar ruwan da ya wuce abin da doka ta ƙayyade, kuma su ma masu wannan sana'a sun san haka. Uku sun amince a zama ɗaya. Na huɗu sai da aka koma masa sau uku. Duk abin da aka daidaita an rubuta shi, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.

Mataki na huɗu shi ne samo uwar kuɗin, kuma a nan ne adashi ya yi mana rana. Gidaje goma, kowanne yana zuba 10,000 a wata, ya zama 100,000. Gidaje shida da ba a binsu bashin ruwa suka yarda su koma baya, kwasar farko huɗu ta tafi ga masu bashi, ana farawa da wanda ruwansa ya fi tsanani. Ku dubi bambancin: direban nan da yake biyan 20,000 kowane wata ba ranar gamawa, ya koma zuba 10,000, kuma cikin wata goma ya fita. Sauran shidan ba su yi asarar komai ba, don an daidaita kwasarsu ta faɗo kusa da komawa makaranta da Babbar Salla. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba a ba da rance da ruwa daga cikin wannan asusu, saɓanin yadda ake yi a tontin da yawa a garin nan, kuma kuɗin ana miƙa su ga mai bashi kai tsaye a gaban shaidu, ba sa kwana a gidan kowa.

Akwai abin da ya rage a wuyan al'umma baki ɗaya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin kashi takwas na masu cin zakka, aya ta 280 a Baƙara kuma ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Muna kira ga attajiranmu su tuna da wannan kashi idan shekara ta zagayo, domin maƙwabcin da ke cikin wannan hali ba zai taɓa miƙa hannu ba. Haka nan mu sassauta wa juna a kan lefe da anko da hidimar suna. Layya a mazhabar Malikiyya sunna ce a kan mai hali, babu wanda aka ɗora wa cin riba don ya yanka rago.

Wanda yake son ajiya ko jari ta hanyar da ta dace da shari'a, ƙofa ta fara buɗewa: bankin Afriland First Bank ya buɗe sashen hada-hadar Musulunci a 2015, ƙasashen CEMAC kuma sun yi wa wannan fanni doka a 2022. Kafin a kai kuɗi kowace ƙaramar ma'ajiya, a tabbatar tana da izinin hukuma, a kuma tuna da rufe Cofinest a 2011 da halin da masu ajiya suka shiga. Tallan rancen gaggawa da ke shigowa ta waya shi ma a lissafa ruwansa na shekara kafin a danna.

A yau mutanenmu huɗu suna riƙe da katunansu, adashin kuma ya shiga zagaye na uku, inda muka ƙara 1,000 a kan kowane zubi don asusun rashin lafiya. Duk magidancin da ke cikin irin wannan hali, ya samu dattijo ɗaya da ya amince da shi bayan sallar Isha'i ya faɗa masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya tsare mu daga riba, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke samu. Amin.