Gadon da Ba a Kai Shi Gaban Alƙali

Mu mutanen Gwiwa ba baƙin maganar iri ba ne. Da kaka, kafin gero ya shiga rumbu, sai mun ware zangarniyar da ta fi cika don shukar baɗi. Mun san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma da zarar yaro ya fara kwana yana kukan ciwon ƙashi, hannuwa sun kumbura, ido ya yi rawaya, sai wannan sani ya ɓace mana. Mu ce iska ce. In ƙaninsa ma ya bi shi kabari, mu ce wabi. Daga ƙarshe mu juya kan uwar: “Daga gidansu ta kwaso.”

Wannan ƙazafi ne, kuma jikinmu da kansa ya ƙaryata shi. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda aka gano siffarsa a Ingila a 1953. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. An naɗe shi ƙulli 46, 23 daga uba, 23 daga uwa. Ba a taɓa kai rabon wannan gado gaban alƙali ba, don tun ranar da ciki ya shiga aka gama shi.

Sikila, wato amosanin jini, harafi ɗaya ne ya sauya a wannan rubutu: T ya zauna a gurbin A. Shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Yaro ba ya zama SS sai uwa ta ba shi S, uba ma ya ba shi. Idan dukansu AS ne, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ciki ba ya tuna na baya: ana iya samun uku a jere.

Zama AS ba abin kunya ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, domin S guda ɗaya garkuwa ce daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya tsare kakanninmu shi ke kwantar da jikokinsu idan ya haɗu biyu, kuma auren zumunci da muke ji da shi yana sauƙaƙa haɗuwar.

Maƙwabtanmu na Kano sun kafa doka a 2024: ba ɗaurin aure sai da gwajin jini. Mu ba sai mun jira doka ba. Abin lura shi ne lokaci. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an raba goro, wuya a iya bin sakamakonsa; kunyar surukai za ta rinjaye shi. A yi shi tun kafin manya su je gaisuwa, lokacin da “a haƙura” ba ta da tsada.