Mako guda ina lissafin wuta da gas a Leeds

Litinin, 24 ga Fabrairu, 2025

Gobe ne hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wutar lantarki da gas a Birtaniya, za ta sanar da farashin da zai fara aiki ranar 1 ga Afrilu. A ɗakin shan shayi na asibitin da nake aiki babu mai tsammanin sauƙi, gardamar kawai a kan nawa za a ƙara ake yin ta. Ana cikin haka sai ga saƙo daga kamfanin da ke ba mu wuta da gas: in muna so, zai tsayar mana da farashi na wata 12, ba hawa ba sauka, amma wanda ya fasa kafin wa'adi zai biya tarar fam 50 ta wuta, fam 50 ta gas.

Tun da muka kama gidan nan muna kan tsarin da ake zuba duk wanda bai zaɓi komai ba, wato farashi mai hawa da sauka. Shi ne wanda Ofgem ta sa wa iyaka tun Janairun 2019. Da farko sau biyu a shekara ake sake iyakar, amma daga ƙarshen 2022 aka koma duk wata uku. Ke nan sau huɗu a shekara sai mai gida ya zauna ya sake lissafin cefane.

Bayan isha'i na nuna wa Abban yara saƙon. Ya karanta ya miƙo mini wayar, ya ce, "Hajiya, duk kamfanin da ya zo miki da alheri, ki fara duba inda ribarsa take." Na ce to, a bari mu ji abin da gobe za ta zo da shi.

Talata, 25 ga Fabrairu

An faɗa. Iyakar za ta tashi daga fam 1,738 zuwa fam 1,849 a shekara, ƙarin fam 111, kashi 6.4 cikin ɗari. Wannan ne karo na uku a jere da take hawa, bayan na Oktoba da na Janairu.

Wata abokiyar aikina da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba ta ce mini ai da sauƙi, tunda ba za a caje ta fiye da 1,849 ba ko me ta kunna. Na zaunar da ita na ce ba haka ba ne, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Wannan adadin misali ne na gida matsakaici, wanda ke shan yunit 2,700 na wuta da yunit 11,500 na gas a shekara, yana biya ta hanyar cirewa daga asusun banki duk wata. Abin da aka sa wa iyaka shi ne kuɗin yunit ɗaya, da kuɗin da ake cirewa kullum saboda kawai an haɗa gidanka da layi. In ka sha da yawa, da yawa za ka biya.

Na rubuta sababbin alkaluman a bayan ambulan, kwabo 100 ke yin fam ɗaya. Yunit na wuta zai tashi daga kwabo 24.86 zuwa 27.03, na gas daga 6.34 zuwa 6.99. Kuɗin kullum na wuta zai sauka daga 60.97 zuwa 53.80, na gas ya ɗan ɗaga daga 31.65 zuwa 32.67. Waɗannan matsakaicin ƙasa ne, kowane yanki da nasa. Kuɗin kullum ɗin nan su kaɗai sun haura fam 300 a shekara, ko da mutum ya kulle gida ya tafi Kano ya shekara.

Tushen maganar duka gas ne. Mafi yawan gidajen ƙasar nan da gas ake ɗumama su, kuma ko wutar lantarki, duk da yawan injinan iska da ke bakin teku, farashin gas take bi, domin tashoshin gas ne ake kunnawa su cike giɓi. Bana sanyi ya cinye abin da Turai ta adana, ga shi tun 1 ga Janairu aka daina tura gas ɗin Rasha ta bututun da ya ratsa Yukren. Jiya ma yaƙin Rasha da Yukren ya cika shekara uku. Ban manta abin da ya biyo bayansa ba: a Afrilun 2022 iyakar ta yi tsalle daga fam 1,277 zuwa 1,971, aka ce a Oktoba za ta kai 3,549, sai gwamnatin Liz Truss ta sa baki ta tsayar da lissafin gida matsakaici a fam 2,500. A wancan hunturun da riguna uku-uku yarana suke kwana.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau ba ni da aiki, sai na shimfiɗa takardun shekara guda a teburin cin abinci. Lissafin gida matsakaici ba zai amfane ni ba, nawa nake so in gani.

Gidanmu irin tsofaffin gidajen jan bulo ne da ke jere a manne da juna, bango ɗaya ba rufi a cikinsa, zafi na shiga yana fita. Mu shida ne. Takardun sun nuna muna shan wajen yunit 3,200 na wuta da 14,000 na gas. Da farashin yau, shekararmu tana kamawa kusan fam 2,020. Da na Afrilu, kusan fam 2,160. Ƙarinmu ke nan ya kusa fam 140, ya wuce 111 da ake ta faɗa a rediyo. Tayin da kamfanin ya turo kuwa, da na buga shi da abin da muke sha, ya faɗo daf da abin da muke biya yanzu.

Akwai ɗan allo a kicin kusa da butar shayi, mitar ce ke aiko masa da abin da aka sha. Da asuba, kafin kowa ya taɓa komai, yana nuna kwabo 90 da wani abu, kuɗin kullum ke nan. Da tukunyar ɗumama gida ta kama, aka ji ƙarfen hita ya fara ƙas-ƙas, sai lambobin su fara gudu. Kafin yara su fita makaranta an wuce fam biyu. Autata ta mayar da shi abin kallo, tana tsaye da kofin madara tana karanto mini.

Da na jera takardun wata-wata, sai na ga abin da ya sauya mini tunani. Daga Mayu zuwa Satumba gas ɗinmu bai wuce na girki da ruwan wanka ba. Kusan dukan nauyin yana tsakanin Oktoba da Maris. Ashe ƙarin Afrilu, duk da hayaniyarsa, zai faɗo ne a lokacin da hita ke hutawa. Farashin da zai taɓa aljihunmu da gaske shi ne wanda za a sanar a Agusta da kuma Nuwamba, kuma babu mahalukin da ya san shi yau. In na sa hannu a takardar nan, hunturu mai zuwa nake saye.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Abban yara ya dawo da nasa lissafin, kuma ba na wasa ba ne. Ya ce in tuna bara. A Janairun 2024 iyakar tana fam 1,928, a Afrilu ta sauka 1,690, a Yuli ta sake sauka 1,568. Wanda ya ɗaure kansa a farkon shekarar da farashin lokacin, yana kallo maƙwabta suka riƙa biyan ƙasa da shi. Ya ƙara da cewa kamfanin Cornwall Insight, wanda hasashensa jaridu ke yawan kawowa, yana ganin za a ɗan samu sauƙi a Yulin bana. "In ta sauka fa, Hajiya? Ga tarar fam 100 tana jiran ki a bakin ƙofa."

Na ce, "Abbansu, gaskiyarka, amma ka duba wane wata ta sauka. Sauƙin Yuli na lokacin da ba ma kunna hita ne. Da Oktoba ta zo ai 1,717 ta koma." Na tuna masa yadda Baba ke sayen buhunan gero da kaka ya zuba a rumbu. Wata shekarar hatsi yakan karye da bazara, masu awo mudu-mudu su fi shi cin arha. Bai taɓa damuwa ba, domin abin da ya saya shi ne ya kwana ya san gidansa ba zai rasa tuwo ba.

Da dare muka kira Yaya a Birmingham, tunda ya riga mu daɗewa a ƙasar. Na gaya masa na ga wani ƙaramin kamfani a shafin kwatanta farashi da ya fi namu arha. Ya ce, "Ƙanwata, ki bi a hankali." A 2021 yana kan tsayayyen farashi mai arha da wani ƙaramin kamfani, gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, kamfanin ya durƙushe. Wuta ba ta ɗauke ba ko na minti ɗaya, Ofgem ta miƙa shi ga wani kamfanin, kuɗinsa da suka taru a asusu ma an mayar masa. Amma yarjejeniyar arhar ta mutu tare da kamfanin, ya koma kan farashin kowa. Kamfanoni kusan 30 ne suka rushe a wancan lokacin. Har Bulb, mai masu hulɗa fiye da miliyan 1.5, sai da gwamnati ta karɓi riƙonsa a Nuwamban 2021 kafin daga baya Octopus ya ɗauke su. An ƙara tsaurara dokoki bayan haka, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ɗan farfesu. Baturiya ce, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gida. Na same ta a falo da bargo a gwiwa da hular ulu, hita a kashe, taga na zufar sanyi. Tallafin hunturu na fam 200 zuwa 300 da ake ba tsofaffi, a wannan hunturun an taƙaita shi ga masu ƙaramin ƙarfi da ke karɓar ƙarin fansho, ita kuwa ba ta taɓa neman wannan ƙarin ba. Ta ce tana tsoron taɓa komai na wuta kada ta ɓata.

Na ji abin a raina. Na karanta mata haƙƙoƙin da na tattara wa kaina. Wanda ya sa hannu yana da kwana 14 na fasawa ba tara. Idan saura kwana 49 yarjejeniya ta ƙare, ana iya tashi ba tara. Sauya kamfani cikin ranakun aiki biyar ake gama shi, ba a taɓa waya ko bututu, ba a yanke wuta. Abu ɗaya ke tsayar da mutum, bashin da ya wuce kwana 28 a kansa. Mun yi da ita zan raka ta ofishin Citizens Advice a duba ko ta cancanci ƙarin fanshon, domin shi ke buɗe ƙofar wancan tallafin da kuma ragin fam 150 na kuɗin wuta.

Magariba ta yi muna jiran labarin wata.

Asabar, 1 ga Maris

Masallacinmu ya tashi da azumi yau. Bayan sahur yara suka koma barci, muka zauna mu biyu da takardar kasafin wata. Kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, motar makaranta, cefanen azumi, kayan salla, sai abin da muke tura wa Inna da Baba duk ƙarshen wata. Albashinmu ba ya motsi duk wata uku. Duk lokacin da kuɗin wuta ya ɗaga ba zato, layin ƙarshen nan ne ke shan wahala, kuma shi ne wanda ba na so a taɓa.

Na ce masa ni ba cin kasuwa nake nema ba. Mai yiwuwa a ƙarshen shekara a ga da mun zauna inda muke da mun rage fam 50, mai yiwuwa kuma a ga mun tsira da 200. Asarar da za mu iya yi in mun tsayar tana da iyaka, domin in farashi ya faɗi warwas, tarar fam 100 ce za mu biya mu fita. Wadda za mu iya yi in ba mu tsayar ba, 2022 ta nuna mana ba ta da iyaka. Wanda ke da ajiya mai kauri yana iya bin kasuwa ya ga abin da za ta yi. Wanda zai tashi daga gida nan da 'yan watanni ma sai ya tambaya ko yarjejeniyar za ta bi shi. Mu ba ma cikin ko ɗaya.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma wata 12 kawai, ban yarda da na shekara biyu ba." Na ce ni ma haka.

Lahadi, 2 ga Maris

Bayan la'asar na buɗe kwamfuta. Ban kalli adadin wata-wata da suka rubuta da manyan baƙaƙe ba, domin wannan ƙiyasi ne, suna iya ɗaga shi in mun sha fiye da yadda suka zata. Abu huɗu na duba: kuɗin yunit na wuta da na gas, kuɗin kullum na kowanne, tarar fita, da ranar ƙarewa. Na tabbatar harajin kashi 5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan wuta da gas yana ciki. Muka zauna da kamfaninmu, tunda bambancinsa da wancan mai arhar bai kai abin da zan sayar da kwanciyar hankalina a kai ba. Na ɗauki hoton mitocin biyu, na sa hannu.

Na sa wa wayata tuni biyu: ƙarshen Mayu, lokacin da za a faɗi farashin Yuli, da tsakiyar Janairun baɗi, lokacin da kwanaki 49 ɗin za su fara, don kada mu koma kan farashin kowa ba mu sani ba. Na kuma tura wa matan unguwarmu saƙo cewa duk wadda ta zauna kan mai hawa da sauka, kuma mitarta ba ta aika lissafi da kanta, ta karanta ta ranar 31 ga Maris ta tura, kada a caje ta gas ɗin Maris da kuɗin Afrilu. Mutum biyu sun ce in zo in duba musu takardunsu. Na ce su haɗa na shekara guda cif, mu haɗu ranar Asabar bayan tarawihi.